Sunan Da Tasalla Ba Ta Taɓa Faɗi Ba

Can bayan duwatsun da ayari ba ya bi, an yi wani birni da ake kira Kwargaba, inda mutum kan ɓace da rana tsaka, kafin la'asar kuma ko abokin cin tuwonsa bai san an taɓa yinsa ba. Ba haka birnin yake ba tun asali. Sarkin Yaƙi Tankari ne ya jawo wannan masifa, ranar da ya kori dattawan da ke riƙe da gari, ya haye shimfiɗarsu, ya ce daga yau sunansa Mai Ƙasa. Mutum ne da zai tsaya gaban mashi ko ƙiftawa bai yi ba, amma ya ji an yi dariya a bayansa sai abinci ya gagare shi.

Da fari yanka masu sukarsa yake yi. Sai ya lura duk wanda ya yanka, sunansa ƙara kauri yake a bakin jama'a, a raɗa wa jarirai, mata su saka shi a waƙar daka. Wannan ya sa ya sauka tsohuwar marinar da ke bayan kasuwa, ya ƙulla alkawari da wani aljani mai suna Damƙau, wanda ba shi da abinci sai sunayen mutane. Tankari zai jefa mutum cikin ramin rinin da ke tsakiya, Damƙau kuwa ya bi gari ya lashe sunan daga kowane bakin da ya taɓa furta shi. In sunan ya tafi, mai shi ma ya fita daga zukata.

Haka aka yi da alƙalin da ya ƙi ƙwace gonakin marayu. Haka aka yi da sarkin kasuwar da ya ce an rage mudu, da wani malami da ya ƙi ɗaga hannu a yi wa zalunci addu'a. Wasunsu kan dawo. Sai a gan su zaune ƙofar gidan Mai Ƙasa, ido fari fat kamar na dafaffen kifi, suna tafi duk sa'ad da ya yi tari. Ba wanda ya san ko su wane ne, su ma ba su sani ba.

To, a birnin akwai wani mai kiɗan gurmi, bakinsa ba linzami, har ya zama tuzuru don ba uban da zai ba shi 'ya ya saka kansa a uku. Kada ku tambaye ni sunansa, ba ni da shi. Shi ne ɗan farin Tasalla mai ƙuli-ƙuli, shi ne kuma kaɗai Allah ya ba ta.

Ita Tasalla, ko cikin masu alkunya ta daban ce. Kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, amma yawanci baki kan suɓuce wa mace ko sau ɗaya, ranar firgita ko wajen kiran ɗan wani mai irin sunan. Ita kam ko da wasa. In mai irin sunan ya zo sayen ƙuli-ƙuli sai ta ce a miƙa wa "mai sunan yaro". Da ƙyanda ta kusa kashe shi yana ƙarami, baya ta juya masa tana roƙon Allah ya tashi kafaɗar "yaron nan", hawaye na zuba ba mai gani. Ya girma ya yi suna a gari, amma in ya shigo gida yana gwada sabuwar waƙa, abin da zai ji daga bakin murhu bai wuce, "Kai yaron nan, ba ka da kunne ne? Ka cika mana gida da ƙara." Sai ya yi dariya ya ce, "Na'am, Inna, na daina," alhali bai daina ba.

Shekarar da aka kwashe hatsin rumbunan gari aka ciyar da mayaƙan Tankari, jama'a suka koma cin tafasa da dusa, sai mai gurmi ya zauna tsakiyar kasuwa ya rera:

"Rumbun gari ya rame, wuyan wani ya yi kauri,
Na tambayi ɓera, ya rantse ba shi ba ne."

Kasuwa ta fashe da dariya, sannan kowa ya tuna da kansa ya rufe baki. Rana ba ta karkata ba masu baƙin rawani, wato zaratan Mai Ƙasa, suka zo. Suka karya masa yatsu a kan turmi gaban kowa, suka ja shi ta ƙafa har marina. Tasalla na biye da su daga nesa da farantin talla a kai, tana gani suka cilla shi ramin tsakiya. Ba ta yi kururuwa ba. Ta tsinci gurminsa a cikin kwata, ta goge da bakin zani, ta kai gida ta rataye.

Da la'asar ta leƙa gidan maƙwabciyarta Ladidi, wadda ta goya shi yana jariri. Ta ce, "Ladidi, sun tafi da yaron nan."

Ladidi ta ce, "Wane yaro, Yaya Tasalla?"

"Yaron nan dai. Nawa."

Ladidi ta dube ta da tausayi ta ce, "Haba Yaya, ki yi salati. Ke da Allah bai taɓa ba haihuwa ba?"

Tasalla ta fita da sauri. Ta zaga unguwa, ba wanda ya tuna da shi, har abokan da suke cin goro ɗaya. Ta laluba zuciyarta a tsorace, sai ta iske sunan yana nan daram, ko ƙwarzane babu. Damƙau ya bi bakunan da suka furta shi ya lashe, nata bakin kuwa bai taɓa ɗauka ba balle a same shi ciki. Ta ɗaura ɗamara da gyale, ta nufi marina, ta yi bisimilla ta faɗa ramin.

Ta daɗe tana faɗuwa cikin shuɗin duhu, sannan ta dira bakin wani kogi mai kauri da yauƙi, wanda ba ya gudu sai gunaguni. Wata halitta mai kan jaki da hannuwan mutum tana zaune cikin wata ƙatuwar ƙwarya tana riƙe da gora.

Halittar ta ce, "Ya ke 'yar Adam, wannan shi ne Kogin Haɗiya. Duk maganar da mutanen Kwargaba suka haɗiye don tsoro, nan take gangarowa. Shekarun baya ɗan rafi ne, yanzu dubi yadda ya tumbatsa. Ni ne mai fito, ba na ƙetarar da kowa sai da lada, ladana kuwa magana ce wadda kika haɗiye."

Tasalla ta waiga hagu da dama, irin na mutanen garinsu, ta ce, "Tankari azzalumi ne."

Mai fito ya yi kukan jaki don dariya. Ya ce, "Tsohuwa, wannan ai ita ce rabin kogin. Kawo wadda ba kowa ke da ita ba."

Tasalla ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Waƙarsa tana yi mini daɗi. In yana yi a ƙofar gida, nakan bar mai a wuta in laɓe bayan danga ina saurare. Ban taɓa gaya masa ba."

Mai fito ya daina dariya. Ya ce, "Shigo. Amma ki riƙe abin da kika zo da shi a ciki, duk abin da ke gaba yunwarsa yake ji."

Daga ƙetare ta shiga wani daji wanda ganyen itatuwansa kunnuwan mutane ne, manya da ƙanana, wasu har da huda. Kunnuwan 'yan tsegumin Mai Ƙasa ne, a nan saiwarsu take. Tana sa ƙafa duk suka juyo gare ta, muryoyi masu taushi suka taso ta ko'ina.

"Sannu da hanya, Inna. Wa kike nema? Faɗi sunansa mu nuna miki inda yake."

Ta ce, "Yaron nan nake nema."

"Yara da yawa ne a nan, Inna. Wanne?"

"Wanda ya san ni na haife shi."

Da daɗin baki ya ƙi ci, rassa suka sauko da ƙaya suka yage mata zani, suka tsattsage mata ƙafafu. Ba ta tsaya ba. Sai ga ɗanta a gabanta, ido ɗaure, yatsu na lilo, yana tafiya kai tsaye zuwa bakin wani rami mai ci da wuta. Muryoyin suka ce, "Kira shi! Kira shi ya tsaya!" Sunan ya taso mata har maƙogwaro, ta ji ɗuminsa a kan harshe, amma abin da aka saba tun ƙuruciya ya fi ƙarfin firgita. Abin da ya fito shi ne, "Kai!" Nan take siffar ta watse ta zama hayaƙi, kunnuwan suka yi yaushi don haushi, daji ya buɗe mata hanya.

Ta fito wani fili mai faɗi, cike da ramukan rini iya ganin ido. Cikin kowane rami akwai mutum, ruwan baba har wuya, fatarsa ta rine. A sama an ja igiyoyi an shanya wasu abubuwa jajaye kamar kilishi, kowanne yana motsi yana ƙoƙarin furta kansa. Sunayen mutanen ne. Bayin Damƙau, gajeru marasa fuska, suna zagawa tsakanin ramukan suna kira da muryoyin da ba nasu ba.

Tana kallo ɗaya ya tsaya kan wani dattijo mai farin gemu, ya kira shi da muryar ƙaramar yarinya mai kuka. Dattijon ya cije leɓe. Muryar ta sake kira, ta ce tana jin yunwa. Dattijon ya kasa, ya ce, "Na'am, uwata." Bai rufe baki ba idanunsa suka yi fari fat, hannuwansa suka fito daga ruwa suka fara tafi. Aka tsamo shi aka tura sama. Nan Tasalla ta gane daga inda masu tafin ƙofar Mai Ƙasa suke fitowa.

A ƙarshen filin Damƙau yake zaune kan tulin tukwane. Tsawonsa ya kai giginya, harshensa kuwa ya naɗa shi a kai kamar rawani, bakin harshen na reto a kafaɗa. Yana ta kakari yana shafa wuya.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, ashe ke ce ƙashin da ya tsaya mini a maƙogwaro. Na lashe sunan mai gurmi daga bakin birni kaf, amma ya ƙi wucewa, don saiwarsa na wani wuri da harshena bai kai ba. Me ya kawo ki ƙasar da ba a zuwa da ƙafa?"

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, uban gidan ƙarƙashin ƙasa, yaro na zo ɗauka. Bai yi sata ba, bai yi kisa ba. Waƙa ya yi."

Damƙau ya ce, "Ba a kawo mini ɓarayi da masu kisa, tsohuwa. Waɗannan suna sama suna cin abinci da Tankari. Amma ko mu muna da doka, ba kamar ku ba. Wanda ya iso gabana da suna a cikinsa, yana da kira ɗaya. Ki tsaya kan ɗanki ki kira shi da sunansa na yanka. In ya amsa, ku tafi, sunansa ya koma kowane baki a Kwargaba, waƙarsa ma ta koma. In bai amsa ba, sunan ya fito daga bakinki ke nan, abin da ya fito daga baki kuwa rabona ne."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in yi masa magana tukuna."

"Suna ne maganar farko. Kika fara da wata, alkawari ya warware, ku duka kun zama nawa."

Tasalla ta yi tunani. Ta ce a ranta, wane ɗa ne zai kasa gane muryar da ta yi masa faɗa tun yana rarrafe? Ta ce, "Na yarda." Damƙau ya yi murmushi, da ta lura da murmushin nan da ta sake tunani.

Aka kai ta ramin. Ga shi nan, ya rame har ƙasusuwan fuska sun fito, don yini ɗaya a sama watanni ne a can, leɓɓansa sun tsage saboda cizo, amma idonsa baƙi ne, da ransa. Duk na ramukan da ke kusa da shi sun amsa sun tafi, shi kaɗai ya ƙi. Alfahari ya cika mata ciki, tausayi ya kusa kayar da ita.

Ta buɗe baki, sai kunya ta rufe ta. Shekara da shekaru ba ta yi ba, yau ta dubi tsabar idonsa ta kira shi kamar wata sa'arsa? Harshen ya yi mata nauyi kamar dutsen niƙa. Sai ta ja gyale ta rufe fuskarta ruf, yadda ba za su haɗa ido ba, ta tattaro duk ƙarfinta. Ta kira shi. Ta kira shi da taushi, da duk son da ta ɓoye tun ranar da aka yanke masa cibiya, irin kiran da bai taɓa ji daga gare ta ba.

Mai gurmi ya ɗago kai ya dubi mace mai rufaffiyar fuska. Sai ya yi wata dariya mai ɗaci.

Ya ce, "Kun sake dawowa da muryar Inna? Ba ku gaji ba? Na gaya muku, ku aljanu ba ku san komai ba game da mutane. Innata ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta kira sunana ba. Da wannan nake gane ƙaryarku kullum. Ku je ku gaya wa Tankari rumbu dai ya rame." Ya tofar da miyau gefen ƙafarta, ya kau da kai.

Tasalla ta leƙa ta gefen gyalen. Ta ga sunan ya fita daga bakinta, ja, mai ɗumi, yana shawagi a iska, ta ga harshen Damƙau yana warwarewa daga kansa a hankali, ba ya ko sauri. Ta fizge gyalen ta jefar, ta daka tsawa da muryar bakin murhu.

"Kai yaron nan, ba ka da kunne ne?"

Ya zabura har ruwan baba ya fantsama. Ya ga fuskarta, ya ga ƙafafunta na jini. Ya ƙwala ihu, "Na'am! Na'am, Inna! Na'am!"

Amma harshen ya riga ya kai. Ya naɗe sunan a iska, ya shafi leɓɓan Tasalla sau ɗaya, ya koma. Damƙau ya haɗiye, ya yi gyatsa, ya shafa wuyansa da ya sami sauƙi.

Tasalla ta tsaya tana ƙifta ido. Ta dubi ramukan, ta dubi ƙafafunta, ta rasa abin da ya kawo ta wannan mugun wuri. Ga wani saurayi cikin rami yana miƙo mata karyayyun yatsu yana kuka yana cewa Inna. Ta ji tausayinsa irin wanda ake ji wa ɗan mutane.

Ta ce, "Bawan Allah, wa kake kira? Yi haƙuri, Allah ya kawo maka uwarka."

Ta ɗauki gyalenta ta kaɗe. Damƙau ya sa aka raka ta har bakin rami da girmamawa, ba wanda ya taɓa ta. Ihun saurayin ya bi ta har Kogin Haɗiya, mai fito ya ƙetare da ita, bai nemi lada ba.

A Kwargaba ba abin da ya sauya. Rumbuna suka ci gaba da ramewa, masu tafi suka ƙaru a ƙofar Mai Ƙasa. Mai gurmi dai bai taɓa bayyana cikinsu ba, don tun daga ranar ba muryar da ta rage da za a yaudare shi da ita. Yana can cikin ruwan baba, shi ya san uwarsa, ita ba ta san shi ba.

Wata safiya itace ya yanke wa Tasalla tana tsakiyar suya. Ta shiga ɗaki neman abin da za ta tura a wuta, sai ta ga wani gurmi rataye a bango. Ta leƙa ta kan danga ta ce, "Ladidi, wannan tarkacen na wane ne?"

Ladidi ta ce, "Oho, Yaya. Wataƙila wani baƙo ya manta."

Tasalla ta taka ƙoƙon ya fashe, ta tura shi murhu da sandarsa. Wuta ta kama, mai ya ci gaba da tafasa. Da zafi ya kai ga tsirkiya sai ta tsinke, ta yi wata 'yar ƙara siririya kamar an yi kira daga ƙofar gida.

Tasalla ta waiga da sauri ta ce, "Kai yaron nan..."

Ba kowa a ƙofar. Ta tsaya da matsami a hannu tana mamakin wa take yi wa faɗa, da abin da ya sa hawaye ke zubo mata alhali hayaƙin ba ta wajenta yake bi ba. Sannan ta goge ido ta juya ƙuli-ƙulinta, kada ya ƙone.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. Sauran yana cikin Damƙau.